Fasaha a Tafin Hannu: Lambobi shida kacal ɓarawon yake nema

A makon jiya wasiƙa ta iso mana daga Zandam, a ƙaramar hukumar Gwaram. Wani ɗan ajin ƙarshe na sakandare ne ya rubuto cikin damuwa. Wani ya kira shi a waya, ya ce shi ne mai shirya darasin share fagen JAMB a zaurensu na WhatsApp, kuma zai turo masa lambar shiga aji. Saƙo ya shigo da lambobi shida, yaron ya karanta masa. Kafin la'asar an fitar da shi daga WhatsApp ɗinsa, ana ta bin 'yan uwansa da sunansa ana roƙon kuɗi, har kawunsa na Kano ya tura.

Ƙannenmu, ba wani tsafi a ciki. Ɓarawon ya sa lambar wayar yaron ne a WhatsApp ɗin tasa wayar, kamfanin kuma ya aika lambobin tantancewa zuwa layin mai lambar. Su kaɗai suka rage masa, sai mai gida ya miƙa masa makulli da hannunsa. Ba malami, ba banki, ba hukumar da ke da hurumin tambayarku waɗannan lambobi.

Wanda abin ya riga ya shafa, ya sake rajistar WhatsApp da layinsa nan take. Sabbin lambobi za su shigo, yana sa su an kori ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya kafa nasa lambobin sirri, sai an jira kwana 7. Shi ya sa muke cewa ku riga shi: ku shiga saitin asusu yau, ku kunna tantancewa mai mataki biyu.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne layin kansa. Wuta ba ta zama a garuruwanmu, don haka waya kan wuni a shagon caji. Yawancin masu cajin nan mutanen kirki ne, amma wayoyi da yawa ne a teburi ɗaya, hannuwa kuma ba sa ƙirguwa. Wanda ya zare sim ɗinku ya sa a wata waya zai iya latsa *565*0# ya ga lambar BVN, saƙonnin banki kuma shi za su riƙa zuwa wa. Makullin fuskar waya ba ya kare sim. Sim yana da nasa PIN, ku sa masa. Sai dai a kula: kuskure sau uku yana toshe layin sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Kada ku yi ta cinka.

Masu zuwa Birnin Kudu yin rajista a shagunan kwamfuta, ku yi da layinku da imel ɗinku, ba na mai shago ba, domin ta nan bayanan jarrabawarku za su riƙa zuwa. Kafin ku tashi daga kujera ku fita daga asusun, kada kwamfutar ta riƙe kalmar sirrinku.

Malamai masu kula da ɗakin kwamfuta, ga naku. Filas ɗaya da ta zaga shaguna tana iya shafa wa dukkan na'urorin makaranta cuta, musamman idan an haɗa su a layi guda. A watan Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaici, Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha wuya. Windows 7 kuwa an daina yi masa irin wannan gyara tun Janairun 2020, amma har yau muna cin karo da shi a makarantu.

Mun san akwai masu ganin damfarar intanet wayo ce. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri a kanta, kuma wanda ya ara wa ɗan damfara asusun bankinsa don a ba shi ɗan kamasho, sunansa masu bincike za su fara gani.

Ɗalibin Zandam ya dawo da WhatsApp ɗinsa bayan kwana 7. Kuɗin kawu dai ba su dawo ba.