Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kano Kan Jami'an Walwalar Jama'a

Mai girma Gwamna,

Ranka ya daɗe, ina rubuto maka ne kan wani aiki da matasanmu ke karantawa amma ba sa samun gurbin yinsa, wato aikin jami'in walwalar jama'a, mai riƙe da fayil ɗin mutum ɗaya yana bibiyarsa daga asibiti zuwa kotu, daga kotu zuwa gida, har lamarinsa ya daidaita.

A ɗauki misalin matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a Asibitin Murtala, ta yi jinya a Kwalli, ta koma ƙauyensu. Likita ya gama nasa. Ya gaya mata ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, kuma idan ta sake samun ciki ta je awo da wuri, a ciro mata jaririn ta hanyar tiyata. To wa zai zauna da mijin da uwarsa ya fahimtar da su? Wa zai bincika ko tana da kuɗin mota ranar komawa asibiti, ko ma an sake ta tun tana kwance? Idan babu mai wannan bibiya, sai ta haihu a gida, ciwon ya dawo, wahalar likita da kuɗin gwamnati su tafi a banza. Haka yaron da aka sallama daga gidan gyaran hali na Goron Dutse yake, haka wanda ya fito daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ledar magani a hannu.

Dokoki kam muna da su. An sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara ta Kano a 2023, kuma tun ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa majalisar da za ta kula da wannan sana'a. Sai dai doka ba ta hawa babur ta shiga lungu, sai an sami ma'aikacin da zai kai ta.

Roƙona shi ne a buɗe gurabe na musamman ga waɗanda suka karanci fannin, a tura su ƙananan hukumomi 44, mata su fi yawa, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ba. Kada a cike guraben da 'yan alfarma, wannan ya fi komai damuna. A ƙayyade yawan fayilolin da mutum ɗaya zai riƙe, a ba shi kuɗin mai da katin waya, a shimfiɗa masa matakan ƙarin girma kamar na malaman jinya, yadda yarinya mai gama sakandare za ta ce wannan aikin take so iyayenta su sa mata albarka.

Muna fatan ganin waɗannan gurabe a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.