Hasumiyar Faris Da Tamu Ta Gobarau

Jama'a, Allah ya nufe ni da zuwa Faris, babban birnin Faransa, har na hau hasumiyar nan tasu da ake kira Eiffel. Gani ya kori ji. Ƙarfe ne zalla aka harhaɗa, tsayinta ƙafa 1,083, watau mita 330. An fara ginin a 1887, aka gama a 1889. In mutum ya kai ƙoli ya leƙo ƙasa, sai ya ga motoci kamar jerin tururuwa.

Muna can sama sai wani dattijon Bafaranshe ya tambaye ni ko akwai irin wannan a ƙasarmu. Na ce akwai Gobarau a birnin Katsina, wadda ta girmi tasu da shekaru ɗaruruwa. Ya ce sau nawa na hau ta? Nan fa bakina ya mutu. Daga garinmu Kurfi zuwa Katsina ba wata tafiya ba ce, na kuwa sha shiga birnin, amma ban taɓa ratsewa na je gindinta ba. Kunyar da na ji ran nan ita ta sa ni wannan rubutu.

Masu tarihi sun ce an gina Gobarau tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, suna kuma danganta ta da Shehu Almagili. Masallacin Juma'a ne a dā, kuma makaranta. A kanta ladan kan kira salla, daga kanta kuma a hango mahara tun suna nesa. Abin da ya rage a yau tsayinsa wajen ƙafa 50 ne.

To, ina bambancinmu da Faransawa? Ba a tsayin gini yake ba, a kula yake. Izinin shekara 20 kaɗai aka ba hasumiyarsu da fari, sai amfaninta ga wayar iska ya hana a rushe ta. Ƙarfe kuwa tsatsa ke cinsa, saboda haka kamar kowace shekara 7 sukan bi ta da fenti, wajen tan 60, da hannu. Sakamakon wannan wahala shi ne miliyoyin baƙi da ke biyan kuɗi su hau kowace shekara.

Ginin ƙasa shi ma haka yake. Abincinsa yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da makuba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku dubi ganuwar Katsina, yawancinta ta tafi. Maginan da suka san tubali da azara suna ƙarewa, samari sun koma ga bulo. Siminti kuwa ba magani ba ne, gama in an shafe jar ƙasa da shi, danshi kan taru a ciki ya ci ginin.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta hasumiya? Gaskiya ne, rai ne gaba. Amma asibiti in ya rushe a sake wani, Gobarau kuwa in ta faɗi, kome kuɗinmu sabuwa za mu gina, ba ta kakanninmu ba.

Shawarata biyu ce. Ta fari, hukuma ta ɗauki samari ta haɗa su da tsofaffin magina, a riƙa biyansu, yaɓe ya zama aikin kowace shekara. Ta biyu, malaman makarantun Kurfi da Dutsin-Ma, har da jami'ar tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, su riƙa kai almajiransu su gani da idonsu. Yaron da ya san abu shi ke kishinsa.

Ni dai da na komo gida na je na biya bashina. Saura ku. Allah ya sa mu gane, amin.