Kukan aksul bayan gyara: a daina cewa “zai zauna”

Duk direban da ke jigila tsakanin Magarya, Bande da Dungas ya san wannan magana. Mota ta fito daga gareji bayan an kwance aksul ɗin baya an sa sababbin giyoyi, sai ga kuka daga ƙarƙashi. A koma wa makanike, ya ce a yi haƙuri, sabon ƙarfe ne, zai zauna. Wannan amsa ta cinye dukiyar masu motoci da dama, kuma lokaci ya yi da za a daina karɓarta.

Giyoyin aksul biyu ne ke ɗaukar nauyin aikin: ƙaramar da furofela ke juyawa, da babbar mai kamar faifai da ke tura tayoyi. Tun a masana'anta ake goge su tare, shi ya sa ba a haɗa ta wannan mota da ta waccan. Tazarar da ake bari tsakanin haƙoransu a yawancin motocin Toyota irin su Hilux ba ta wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba, wato kaurin gashi biyu ko uku. Ido ba ya ganinta, yatsa ba ya auna ta. Idan aka kuskure ta, haƙoran za su ci juna a gurguje, kuma da zarar sun ci, ko an sake saiti kukan ba ya tafiya. Ke nan kowace tafiya da aka yi ana jiran ya zauna, ɓarna ce ake ƙarawa.

Shi kansa kukan yana faɗin inda ciwon yake. Idan yana tashi lokacin da aka taka totur, ya lafa da an ɗaga ƙafa, galibi ƙaramar giyar ba ta shiga babbar yadda ya kamata ba. Idan kuma sai an saki totur yake fitowa, a fara duba boris ɗin ƙaramar giyar, wataƙila ba a ɗaure shi daidai ba. Gurnanin da ke ƙaruwa ko raguwa a kwana yakan fito daga boris ɗin taya. Ƙarar “ƙwas” yayin tashi ko sauya giya tana nuna tazara ta yi yawa, ko mahaɗin furofela ya saki. Gwajin minti 15 a kan kwaltar Magarya zuwa Damagaram, makanike na zaune a baya yana saurare, ya isa ya rarrabe waɗannan.

Abin da ya sa batun ya fi tsanani a wannan yanki shi ne hanya da lodi. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Magarya, amma har yau ƙauyuka da yawa ta rairayi ake isa gare su. Motar da ta ɗauko dabbobi ko buhunan hatsi za ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis tana tafiya ne da ƙaramar giya, aksul na ɗaukar zafi. Idan haƙori ya karye, ƙafafun baya na iya cijewa nan take da fasinjoji a sama. Ko an tsira da rai, kasuwa ta wuce, dabbobi sun galabaita, sai an sake aikawa Ƙofar Ruwa a Kano neman wasu kayan.

Makanikai na da hujjarsu, kuma ba a raina ta ba. Agogon auna tazara da sifanar auna ƙarfin ɗauri suna da tsada, kayan gwanjo sukan zo a cakuɗe, mai mota kuma yana tsaye a kansu yana so ya yi lodi da yamma. Gaskiya ne laifin ba nasu kaɗai ba ne. Mai motar da ya ƙi sayen sabon zoben matsi na boris, ya sa tayoyi masu girma daban a baya, ko ya zuba man da ba GL-5 ba, shi ma ya sa hannu. Sai dai araha ba ta ado. Kuɗin agogon bai kai na giyoyi saiti guda ba, kuma shafa fenti a haƙora domin ganin inda suke haɗuwa kusan kyauta ne.

Mafita tana kusa. Ƙungiyoyin makanikai na Magarya da Dungas za su iya haɗa kuɗi su sayi kayan awo da za a riƙa ara. Asusun FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su shirya gajeren horo kan saitin aksul ga masu gareji da yaransu. Ƙungiyar direbobi kuma ta kafa ƙa'ida a tasha: sabon aksul ba ya ɗaukar cikakken lodi sai ya yi kimanin kilomita 800 an sauya masa mai, kuma wanda ke kuka ba ya ɗaukar fasinja sai an sake buɗe shi.