Ra'ayi: Ɓoye yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa ba ya kawo magani

Ana haihuwar yarinya lafiya lau, ta fara zama, ta fara gwaranci. Sai tsakanin wata 6 zuwa 18 ci gabanta ya tsaya, daga nan ya koma baya. Magana ta ɗauke, hannayen da take ɗaukar abu da su su koma murza juna kamar mai wanki, sau da yawa kuma farfaɗiya ta biyo baya. Wannan ce cutar Rett, wadda ke kama kusan yarinya ɗaya cikin 10,000.

Wani likita ɗan Ostiriya, Andreas Rett, ya fara bayyana ta a 1966. Sai a 1999 tawagar Farfesa Huda Zoghbi a Amurka ta gano cewa tangarɗa ce a ƙwayar halitta mai suna MECP2. Galibi tangarɗar kan auku ne haka kawai, ba gadonta ake yi ba. Ke nan ba laifin uwa ba ne, ba kuma iska ba ce.

Da me aka kai ga wannan sani? Da jinin da iyalai suka yarda aka ɗiba, da shekarun da suka yi suna kai 'ya'yansu ana auna su. A gwajin ƙarshe na maganin trofinetide, 'yan mata 187 masu shekara 5 zuwa 20 ne suka shiga, kuma a watan Maris na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Ba ya warkarwa, sauƙi kawai yake kawowa, kuma mafi yawan waɗanda suka sha sun yi fama da gudawa. Amma shi ne na farko.

Na san abin da zai zo wa mai karatu a rai: Kano, 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara masu sanƙarau. Cikin yara 200 da aka saka a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai darasin Kano shi ne a yi tambaya kafin a sa hannu. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken? Mece ce illarsa? Ina za a kai jinin? Wa zai biya kuɗin jinya idan an samu matsala? Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, kuma ka janye ɗanka duk ranar da ka ga dama ba tare da an daina duba shi ba.

Yawancin bayanan ƙwayoyin halitta da masana ke aiki da su daga Turawa aka tattaro su. Muddin yaranmu na ƙuryar ɗaki, ba a ƙirga su ba, da wuya a yi magani da su a rai. A kai su asibitin koyarwa, a nemi sunan cutar, idan kuma an zo da batun bincike, a saurara da ido buɗe.