Takardar Koke Kan Gubar Dalma da Lafiyar Yaranmu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi, Birnin Kebbi,
Ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Bagudo.

Ranka ya daɗe,

Mu iyaye da malaman makaranta na Bagudo, Illo, Ka'oje, Lolo da Tsamiya muke kawo kukanmu. A azuzuwanmu akwai yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya. Ana karatu, yaro ya miƙe, ya tsokani na kusa da shi, a biya masa harafi yanzu, anjima ya ɓace masa. A gida a ce ƙiriniya ce a ɗauko bulala, ko a ce iskoki ne a nemi rubutu.

Mu kuwa gubar dalma muke zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa gubar dalma, komai ƙanƙantarta a jini, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa natsuwa da fahimta. Mun kuma ga abin da ta yi a maƙwabta. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Anka da Bukkuyum ta Zamfara, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. A 2015 ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Hanyoyinta suna ƙofar gidajenmu: samarin da ke dawowa daga ramukan zinariya da ƙura a tufafinsu, masu fasa tsofaffin batura a gefen kasuwa, tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, da kwallin da ake rambaɗa wa jarirai. Kaya na ƙetara iyakar Benin dare da rana. Mu dai ba mu taɓa ganin an gwada jinin yaranmu ba.

Don haka muke roƙo:

1. A turo ma'aikata su gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar.
2. A bincika kwalli, tukwane da fentin da ake sayarwa a kasuwanninmu.
3. A hana fasa batura da niƙa dutse cikin unguwanni.
4. A wayar da kan ungozomai, limamai da malamai.

Idan gubar ta riga ta yi ɓarna a ƙwaƙwalwa, magani ba ya mayar da abin da ya lalace, shi ya sa muke roƙon a hanzarta. Allah Ya yi jagora.

Naku masu biyayya,
Iyaye da malaman makaranta na ƙasar Bagudo.

Kwafi: Mai Martaba Sarkin Gwandu.