Filin Lafiya: Marurun da Gashi Ke Haddasawa

Jama'a, akwai wani maruru wanda kan fashe, ya bushe, ya sake dawowa, domin gashi ne ya nutse cikin fata ya haƙa rami. Likitoci na kiransa filonidal, watau sheƙar gashi, sunan da Dakta Hodges na Amurka ya raɗa masa a 1880. Galibi a tsagin ɗuwawu yake fitowa. Ba safai yakan fito a ƙirji ba, shi ya sa ake zaton ƙurji ne kawai. Kafso na kwantar da shi, amma ba ya fid da gashin. Sai likitan fiɗa ya yanke ramin ɗungum, sa'an nan ya ɗinke, ko ya bar shi ya cike da kansa. Mazauna Garki, ga asibiti a kusa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga.