Doka Daidai Da Haɗari

Galibin masu sana'ar abinci a madafar gida suka fara, domin wanda jarinsa bai wuce buhun fulawa guda ba ba shi da halin kama hayar gidan burodi. Saboda haka dokar da ta shafi madafar gida ita ce ke yanke ko ƙaramin ɗan kasuwa zai tashi ko zai mutu tun a ƙwai. Abin da ya faru a Jihar Kalifoniya ta Amurka ya isa misali.

Kafin 2013, laifi ne a can mutum ya toya burodi a gidansa ya sayar. Dole sai a madafar kasuwanci wadda ma'aikatan lafiya suka duba. A shekarar 2012 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan dokar da ta buɗe ƙofa, ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2013.

Hikimar dokar ita ce ta rarraba abinci bisa ga haɗarinsa. Abin da ba ya lalacewa in an ajiye ba firji, watau irin su burodi, da biskit, da alewa, da busassun 'ya'yan itace, an yarda a yi a gida. Nama da abin da aka cusa wa madara ba su shiga ba. Mai sayar wa jama'a hannu da hannu rajista kawai zai yi. Mai kai wa kantuna sai an duba madafarsa. Kowa sai ya yi ɗan kwas na tsabta, ya kuma rubuta a jikin kayansa cewa a gida aka yi.

Amma fa an yi wa ciniki iyaka: dala 35,000 a 2013, har ta kai 50,000 a 2015. Mai ƙwazo kan cim ma wannan iyaka tun bai tara kuɗin kanti ba, shi ya sa a 2021 aka ɗaga ta zuwa 75,000 da 150,000.

Ra'ayinmu shi ne, rigakafi ya fi magani, ba mu musu. Amma hani na baki ɗaya ba ya hana sayarwa, sai dai ya kora ta ɓoye, inda duba-gari ba ya gani. Duk mai tsara doka ya auna ta da haɗarin abincin, kada ya ɗora wa mai tukunya guda kayan da aka ɗaure don masana'anta.